Shin kiwon kifi a cikin teku yana cutar da muhalli? Amsa ga wani mai kiwon tarwaɗa

Tambayar ta zo ne daga wani mai kiwon tarwaɗa a Zariya. Ya ce ya ga bidiyon wasu manyan kejina a cikin teku a ƙasar Norwe, kowanne maƙil da kifi, ya kuma ji ana cewa da irin wannan kiwo za a ciyar da duniya, masunta su sarara wa kifin teku ya huta. Shi ne yake tambaya: tunda teku ba shi da iyaka, anya wannan kiwo yana da wata illa, ko dai masu sukarsa hayaniya kawai suke yi?

Malam, na gode da tambaya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Abin da ka ji yana da ƙamshin gaskiya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a shekarar 2022 kiwo ya samar da tan miliyan 94.4 na kifi da sauran dabbobin ruwa, kashi 51 cikin ɗari na duk abin da aka samu, karo na farko ke nan da kiwo ya wuce kamun kifi. Ba mai mayar da wannan baya. Amma illa akwai ta, a wasu wuraren ma mai tsanani ce. Sai dai ka sani ba duk kiwon teku ne abu ɗaya ba. Mai kiwon salmon (wani babban kifi na ƙasashen sanyi) a keji, da wanda ya sare daji ya haƙa tafkin jatan lande, da matar da ta rataya igiya a ruwa kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo biyu) ta manne a jiki, duk ana ce musu masu kiwo, alhali nisan da ke tsakaninsu ya kai na mai turke sa da mai kiwon zuma. Ɗaya kullum sai ya sayo abinci ya kwashe kashi, ɗayan kuwa amya kawai ya ɗora.

Bari in fara da abin da ka fi ni sani. In ka bar tankinka kwana uku ba ka sauya ruwa ba, ka san yadda yake komawa: ruwa ya yi duhu, wari ya tashi, kifi ya taso sama yana haki. Kai ne za ka sayi fetur ka tayar da janareta, ka buɗe bututu, ka ga dattin da idonka yana fita. Mai kejin teku ba shi da wannan ɗawainiya, domin bangonsa raga ce. Ruwa na shiga yana fita dare da rana, yana kawo iska kyauta, yana tafiya da kashi da ragowar abinci kyauta. Ribar sana'ar a nan take, matsalarta ma a nan take. Keji ɗaya a Norwe yakan kai mita 160 a kewaye, doka ta yarda a zuba masa kifi har 200,000, kuma gona ɗaya takan jera keji shida ko goma. Fiye da rabin sinadarin naitirojin da fosfaras da ke cikin abincin da ake watsawa ba ya zama nama, ruwa yake komawa.

Na taɓa ganin inda yake sauka. Lokacin da nake karatu a Turai an kai mu wata gona a cikin wani lungun teku da ruwansa ba ya gudu sosai. Muka zura wani ƙarfe mai baki kamar na kada, ya ciro laka daga ƙarƙashin keji. Tun kafin ya ƙaraso saman jirgi warin ruɓaɓɓen ƙwai ya riga shi. Lakar baƙa ƙirin kamar an dama gawayi, a samanta wani farin abu shimfiɗe kamar yanar madara, wato ƙwayoyin halittar da ke rayuwa inda iska ta ƙare. Muka tace ta a rariya, ba mu samu komai ba sai wasu siraran tsutsotsi jajaye iri ɗaya, dubbai. Da muka matsa kamar rabin kilomita muka sake zurawa, sai ga yashi mai ruwan ƙasa, ba wari, ga 'yan ƙananan ƙumba, ga tsutsotsi iri-iri, ga ƙananan kaguwa suna motsi. Darasin ranar guda biyu ne, kuma dole in faɗe su duka. Ƙarƙashin kejin ya mutu, wannan gaskiya ne. Amma mutuwar ba ta yi nisa ba, kuma in aka ɗauke kifi aka bar wurin ya huta yakan farfaɗo, kamar yadda gona ke yi in an bar ta saura. Shi ya sa Norwe ta wajabta auna lakar kowace gona da hutar da ita aƙalla wata biyu bayan kowace kwasa. Inda ruwa ke da zurfi da gudu, wannan illar da sauƙi. Inda yake kwance, tana taruwa.

Wadda ta fi ƙarfin masu kiwon salmon har yau ita ce ƙwarƙwatar kifi. Wata 'yar halitta ce dangin kaguwa, babbar macen tsawonta kamar santimita ɗaya ne, tana jan zare biyu na ƙwai a bayanta. Takan lafe a jikin kifi kamar kaska a jikin saniya, tana cin majina da fata har ta kai ga tsoka. Tun fil azal tana cikin teku. Abin da ya sauya shi ne, da can idan 'ya'yan salmon suka gangaro daga kogi zuwa teku a farkon bazara, ba su tarar da manyan kifaye da yawa a bakin gaɓa, saboda haka ƙwarƙwata ba ta da yawa a hanyarsu. Yanzu kuwa ɗaruruwan miliyoyin kifin kiwo suna tsaye a wannan hanyar duk shekara, kowanne yana zubo ƙwai ta cikin raga. Ɗan kifin da bai wuce tsawon tafin hannu ba, ƙwarƙwata goma ko fiye kaɗan sun isa su kashe shi.

An gwada magani iri-iri. An sa a abinci, an yi wa kifi wanka da shi, ƙwarƙwatar ta saba da kusan duka, maganin kuma da ya fita ta raga yana taɓa jatan lande da kaguwa na wurin, tunda danginta ne. Aka koma zuba wasu ƙananan kifaye a keji su riƙa tsince ta, miliyoyi a kowace shekara, yawancinsu kuma a nan suke mutuwa. Aka koma tura salmon ta cikin ruwan ɗumi ko injin goga. Wannan yana kakkaɓe ƙwarƙwata amma yana jigata kifi ya bar masa rauni. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A shekarar 2023 salmon fiye da miliyan 62 ne suka mutu a kejinan Norwe kafin lokacin kwasa, kusan ɗaya cikin kowane shida. Kai da ke ƙirga kifinka kowace safiya ka san ba ƙaramar magana ba ce wannan.

Ga kuma tserewa. Guguwa ta yaga raga, kifi ya fita, wasu su haura kogi su barbari na asali. Kifin kiwo an zaɓo irinsa ne don ya yi saurin girma a wurin da ba maƙiyi, 'ya'yansa ba su da wayon zaman kogi. An samu jininsa a kusan kashi biyu cikin uku na zuriyoyin kogunan Norwe da aka bincika. A watan Agustan 2017 wani keji ya rushe kusa da tsibirin Cypress a jihar Washington ta Amurka, salmon ɗin Atlantika kusan 250,000 suka fice, shekara ta zagayo jihar ta yi dokar hana kiwon wannan nau'in a ruwanta. A 2021 Norwe ta sa salmon na kogi a jerin halittun da ake jin tsoron raguwarsu, a 2024 kuma ta rufe koguna 33 ga masu kamun kifi. Ɗumamar teku da wasu dalilai suna da hannu a wannan, amma masanan ƙasar da kansu sun sa ƙwarƙwata da tserarren kifi a sahun gaba.

Adalci ne in faɗi abin da suka gyara. A 1987 gonakin Norwe sun sha kusan tan 50 na magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Da aka samo allurar rigakafi, ana yi wa kowane ɗan kifi kafin a kai shi teku, amfani da maganin ya ragu da kusan kashi 99 cikin ɗari, alhali kifin da ake samarwa ya ninka sau da yawa, ya haura tan miliyan ɗaya da rabi. Tun 2017 kuma sun raba gaɓarsu yanki 13, suna ba kowane yanki launi irin na fitilar hanya gwargwadon yadda ƙwarƙwata ke kashe kifin kogi: kore a ƙara kiwo da kashi 6, rawaya a tsaya, ja a rage da kashi 6. Tsarin bai warware matsalar ba, amma yana nuna hukuma mai aunawa da hukuntawa tana iya ja wa sana'ar linzami.

Inda linzamin ya yi sako-sako, dubi Chile. An cunkusa gonaki kusa da juna a yankin Los Lagos, sai a 2007 wata cutar jini ta salmon ta ɓarke, ta bi ruwa daga gona zuwa gona. Cikin shekara uku abin da ake samarwa na salmon ɗin Atlantika ya faɗi da fiye da rabi, dubban ma'aikata suka rasa aiki. A 2015 kaɗai gonakin ƙasar sun yi amfani da tan 557 na magungunan kashe ƙwayoyin cuta, galibi a cikin abinci, wanda wani kaso nasa ruwa yake ƙarewa. A farkon 2016 wata irin gansakuka mai guba ta mamaye ruwa ta kashe kifi fiye da miliyan 20, har aka kwashi dubban tan na ruɓaɓɓen kifi aka zubar can cikin teku. Ba a jima ba wata gubar ta sake tasowa, aka hana kamun ƙumba, masuntan tsibirin Chiloé suka tare hanyoyi fiye da mako biyu. Kwamitin masana ya fi ɗora laifin a kan zafin ruwa na waccan shekarar, masunta ba su yarda ba, kotun ƙolin ƙasar kuma daga baya ta ce izinin zubarwar ya saɓa doka. Wannan labarin bai yi mana nisa yadda kake zato ba. A ƙarshen 2018 wata cuta ta shiga kejinan karfasa a tafkin Volta na Gana, ta yi ɓarna mai yawa, ta hanya ɗaya da ta Chile: keji kusa da keji, ruwa ɗaya, 'ya'yan kifi ana yawo da su ba bincike. Duk mai shirin sa keji a dam irin Tiga ko Kainji ya riƙe wannan, ya kuma tuna ruwan dam ba shi da igiyar da ke wanke teku sau biyu a rana, kuma mutane suna sha.

Yanzu in zo kan maganar cewa kiwo zai bar kifin teku ya huta, domin nan ne abin ya fi ci mini rai. Salmon da jatan lande da sauran kifayen da ake kiwo a tekun Turkiyya da Girka masu cin nama ne. Dole a sa musu garin kifi da man kifi a abinci, kuma ana buƙatar kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a sami kilo ɗaya na gari. An rage, ba shakka. A 1990 kashi 90 cikin ɗari na abincin salmon a Norwe daga teku yake, zuwa 2020 ya dawo ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu, sauran waken soya ne da alkama da man shuke-shuke, waken ma mai yawa daga Barazil. Wani kaso na garin kuma yanzu daga kai da ƙaya da kayan cikin kifin da aka riga aka sarrafa ake yin sa, wanda abu ne mai kyau. Amma yawan kifin da ake kiwo ya ninka ƙwarai, saboda haka buƙatar ba ta kwanta ba.

Ina ake samo wannan kifi? Ƙasar da ke kan gaba ita ce Peru, inda ake kama wani ɗan ƙaramin kifi da mutanen ƙasar ba su cika ci ba. Amma a 'yan shekarun nan an juyo gaɓar Afirka ta Yamma. A Nouadhibou ta Muritaniya masana'antun garin kifi sun kai gommai, akwai su a Senegal, akwai uku a Gambiya, a garuruwan Gunjur da Sanyang da Kartong. Abin da suke niƙawa shi ne dangin shawa da bonga, wato ainihin kifin talaka, wanda mata ke saya a bakin ruwa su yi banda, a loda a mota a kai ƙasashen da ba su da teku. Wani rahoto da ƙungiyoyin kare muhalli na Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ƙiyasta ana kwashe fiye da tan rabin miliyan a shekara daga wannan yanki don yin gari da mai, adadin da suka ce zai ishi mutum miliyan 33. Garin yana tafiya Sin da Turkiyya da Turai, wani ya shiga cikin kifi, wani cikin aladu da kaji. Masana sun daɗe suna cewa kamun wannan kifi ya wuce ƙima. Mai bandar kifi a Sanyang ba za ta iya gogayya da masana'anta a ciniki ba, domin masana'anta kwale-kwale guda take saye. Ni ban ga yadda za a kira wannan ciyar da duniya ba, a ɗauke kifi daga tukunyar wadda ba ta da wani nama a kai shi faranti a inda nama ya yi yawa.

Ɓarnar ba ta tsaya a kasuwa ba. A watan Mayun 2017 mutanen Gunjur suka wayi gari suka ga tafkin Bolong Fenyo ya koma ja, matattun kifi da kaguwa suna yawo a sama. Ruwa ba ya tsami banza. Suka nuna masana'antar da ke kusa, hukumar muhalli ta ƙasar ta kai ƙara, daga baya aka sasanta a wajen kotu. Kai ma, Malam, wannan kasuwar tana taɓa ka. A 2023 Peru ta soke zangon farko na kamun kifinta saboda ruwa ya yi ɗumi, farashin gari da man kifi ya tashi a duniya, kuma buhun abincin da kake ba ƙananan tarwaɗarka yana ɗauke da wannan garin. Sa'arka ɗaya, tarwaɗa da karfasa ba su da tsananin buƙatarsa kamar salmon, suna karɓar waken soya da ƙuli-ƙuli da masara da kyau in an iya haɗi.

Jatan lande kuwa, babbar illarsa tun kafin a zuba shi take faruwa. A ƙasashe masu zafi akwai wasu itatuwa da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu, ana ce musu mangurof. Mu ma muna da su a Neja Delta, dajin da ya fi kowanne girma a Afirka. Cikin saiwoyin nan 'ya'yan kifi da kaguwa ke girma, su ne ke karya ƙarfin igiya da guguwa, lakar da ke ƙarƙashinsu kuma tana riƙe da iskar da ke ɗumama duniya fiye da dajin tudu nesa ba kusa ba. Daga shekarun 1970 zuwa na 1990 an sare su da yawa a Tailan da Indonesiya da Filifin da Ekwado aka haƙa tafkuna. Wannan laka in ta sha iska tsami take yi, cuta kuma tana taruwa, sai bayan 'yan shekaru mai tafki ya bar shi ya matsa gaba ya sare wani. A 1999 cutar farin tabo ta durƙusar da gonakin Ekwado. A kudancin Bangladesh, yankunan Khulna da Satkhira, masu kuɗi sun fasa shingen ruwa sun shigo da ruwan gishiri cikin gonakin shinkafa. Gishiri ba ya tsayawa a iyakar mai shi: ya shiga gonar maƙwabci, ya shiga rijiya, itatuwa su bushe, shanu su rasa ciyawa. Ranar 7 ga Nuwamban 1990 aka kashe wata mata mai suna Karunamoyee Sardar tana jagorantar zanga-zangar hana mayar da gonakin ƙauyensu tafkin jatan lande, har yau ana taruwa a tuna da ita. A Indiya kotun ƙoli ce ta shiga a 1996, ta hana irin waɗannan manyan tafkuna cikin mita 500 daga bakin ruwa. Saran ya ragu yanzu, ƙasashe da yawa sun haramta shi, amma dajin da ya tafi ba ya dawowa da sauri.

Sai masu ɓawo biyu, dangin ƙumba da kawa, waɗanda na kwatanta da kiwon zuma. Ba a ba su abinci ko kaɗan. Suna zuƙar ruwa su tace 'yan ƙananan tsirrai da ke cikinsa, babbar kawa ɗaya takan tace har lita 190 a rana in yanayi ya yi mata daɗi. Idan aka kwashe su an fitar da naitirojin daga ruwa ke nan, akasin abin da keji ke yi. A yankin Galisiya na Sifaniya akwai gadajen katako fiye da 3,000 suna shawagi, igiyoyi na reto a ƙarƙashinsu, suna ba da kusan tan 250,000 na ƙumba a shekara ba tare da buhun abinci ko ɗaya ba. A mashigin Sanggou na ƙasar Sin ana haɗa su da ciyawar teku a wuri ɗaya, abin da wannan ya zubar wancan ya ci. Suna da tasu matsalar: in suka yi yawa sukan cinye abincin sauran halittu, kashinsu na taruwa a ƙasa, ga robobi da igiyoyi da ke tsinkewa. Mafi muni shi ne yawo da iri. An kai kawar Fasifik ƙasar Holan a 1964 da zaton sanyi zai hana ta haihuwa, ta haihu ta bazu har gaɓar Jamus da Denmak. Duk da haka, in aka ce in zaɓi kiwon da zan ƙarfafa a gaɓar Afirka, wannan zan zaɓa ba tare da na yi dogon tunani ba.

Na ma ga alamar hakan a Gambiyar nan da na ambata. A dajin mangurof na Tanbi, kusa da Banjul, mata ne ke cire kawa daga saiwoyi, da can wasu har sara saiwar suke yi gaba ɗaya da adda. A 2007 suka kafa ƙungiyar TRY, a 2012 gwamnati ta ba su ikon kula da kawa da ƙumbar wurin su kaɗai. Su da kansu suka tsayar da doka: wata takwas ba mai taɓa ruwan, sai daga Maris zuwa Yuni, ba a sara saiwa, ba a cire ƙarama. Suna dasa sabbin itatuwa a inda aka sare, wasu kuma sun fara huda tsofaffin ɓawo suna jera su a igiya, su rataya a jikin sanduna cikin ruwa, 'ya'yan kawa su zo su manne da kansu.